Me Ya Sa Aka Ƙara Sojoji a Hong Kong Bayan An San Za Ta Faɗi?

Jama'a, tambayar da kuka yi ta aiko mana ke nan: in dai Birtaniya ta san ba za ta iya kare Hong Kong ba a 1941, don me ta ƙara tura sojoji? Wasunku sun ce wauta ce, wasu sun ce raini ne ga Japan. Rainin kam akwai shi, amma ba nan gizo ke saƙa ba.

In kuka dubi taswira, Hong Kong ɗan ɗigo ne a gaɓar kudancin Sin, kuma a lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Tun watan Oktoban 1938 Japan ta kama birnin Canton na Sin, ga ta nan a bakin ƙofa. Singafo kuwa, inda za a sa ran ɗauki, tana can nesa da fiye da kilomita 2,000.

A watan Janairun 1941 Churchill, firaministan Birtaniya, da kansa ya rubuta cewa in yaƙi ya ɓarke babu yadda za a riƙe wurin ko a kai masa ɗauki, gara ma a rage sojojin. Watanni takwas bayan haka, gwamnatinsa ta roƙi Kanada ta aiko da bataliya biyu.

To, a nan ake ruɗewa, sai mu ɗan dakata.

Ba don su ci yaƙi aka tura mutanen nan ba. An tura su ne don a gan su. Su wa za su gani? Na farko Japan, wadda a lokacin ba ta shiga yaƙi da Birtaniya ba, ana fatan ta ga an shirya ta ja da baya. Sai Chiang Kai-shek, jagoran Sin, wanda ya riƙe wuyan ɗimbin sojojin Japan tun 1937. In ya ga Turawa na naɗe tabarma, gwiwarsa na iya yin sanyi ya nemi sulhu, sojojin nan kuma su sami sukunin juyowa kudu. Ga Amurka ma tana ƙarfafa tsaronta a Filifins, kunya ce a ce kai kana kwashe kaya. Sannan mulkin mallaka da kwarjini yake tafiya. Ranar da aka ga Bature ya bar gari ba a harba ko harsashi ɗaya ba, labarin sai ya isa Indiya kafin jirginsa ya isa gida.

Ni a ganina ɓarakar lissafin ita ce: barazana ba ta aiki sai abokin gaba ya ji tsoro. Mutum 1,975 da Kanada ta aiko ba za su tsorata Tokyo ba. In kuwa ba ta tsorata ba, ka ƙara yawan waɗanda za a kama ne kawai, abin da Churchill ya faɗa tun farko.

Sojojin Kanadan sun sauka daga jirgin ruwa ranar 16 ga Nuwamba. Ku lura, a ƙasa suke tafiya. Motocinsu na cikin wani jirgin daban, wanda ya maƙale a Manila, bai taɓa isowa ba.

Sauran a gurguje. 8 ga Disamba Japan ta afka, ta lalata kusan dukkan 'yan jiragen yaƙi biyar da ke filin jirgin sama na Kai Tak da safiyar farko. Layin tsaron da ake ta kurantawa ya karye cikin kwana biyu. 18 ga wata sojojin Japan suka tsallako tsibirin Hong Kong, suka kama madatsun ruwan sha. Daga Landan umarni bai canza ba: a ci gaba da fafatawa, kowace rana riba ce. Ranar Kirsimeti Gwamna Mark Young ya miƙa wuya.

Sojojin Kanada 290 suka mutu a fagen daga, fiye da 260 kuma a sansanonin fursuna. Akwai bataliyoyin Indiya biyu a cikin masu tsaron, ba kasafai ake tuna su ba. Mutanen garin kuwa, sama da miliyan ɗaya da rabi, ba wanda ya nemi shawararsu, su suka zauna ƙarƙashin Japan shekara uku da wata takwas.