Ciyawar ƙofar gida na sa ku atishawa? Ku ba ta ruwa kafin ku kashe ta

Assalamu alaikum jama'a. Kwanakin nan kun yi ta turo mana wani bidiyo a WhatsApp: mutum ya sa hauya ya kankare ciyawar ƙofar gidansa, ya zuba yashi, kafin la'asar wuri ya yi fes. Tambayarku kuma ɗaya ce: mun yi yadda ya yi, to me ya sa da saukar ruwan farko ciyawar ta dawo, har ta fi da yawa?

Gidan da muke ciki yanzu na yayata ne, a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maraɗi. Ɗiyarta shekara 7 gare ta. Da ta yi birgima a kan koren nan sai ƙafafunta su yi ruɗu-ruɗu, ido ya kaɗa ya yi ja, hanci na zuba. Na taɓa kwana a gidan, na ji yadda ƙirjin yarinyar nan ke kuka da tsakar dare. Tun ranar ban ƙara ganin kyan wannan ciyawa ba.

Ku matso kusa. Kirikiri ce, irin da aka fi shimfiɗawa a ƙofar gidaje saboda tana jure rana da taku. Kun ga waɗannan 'yan yatsu huɗu ko biyar a kan kara, kamar sawun kaza? Furenta ke nan. Daga nan wani gari mai laushi ke tashi, ido bai cika ganinsa ba, iska ce ke yawo da shi. Jikin mai borin jini yana ɗaukar garin nan a matsayin maƙiyi, sai ya saki sinadarin histamin, shi ne atishawa da ƙaiƙayi da hawaye. Aske ta ƙasa-ƙasa yana ragewa, amma kirikiri tana iya yin fure ko tana gajera.

Kafin ku taɓa hauya, ku fara ganin likita. In atishawarku ta hunturu ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ta yiwu ƙura ce ke damunku, ciyawa ba ta da laifi.

Yanzu ga inda kowa ke tuntuɓe.

Mun sa diga mun ɗago ƙasa. Ku dubi waɗannan fararen igiyoyi masu gaɓa-gaɓa. Da yawa na ce musu saiwa, alhali kara ne da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kuma kowace gaɓa tana da ido, kamar na rake. Mai hauya yana ganin ya kashe ciyawa, nan kuwa ya yanka mata iri ne: igiya ɗaya ta zama guntaye goma, kowane guntu na jiran ruwa. Yashin da ya zuba a kai bai hana komai ba. Ga guntun da muka ajiye a gwangwani muka riƙa yayyafa wa ruwa, kun ga yadda ya tsiro.

Wani maƙwabci ya ce mu ɗaure jar akuya a wurin, kwana uku ta gama aikin. Akuyar Maraɗi ba ta wasa da kore, wannan gaskiya ne, amma ko ita ba ta cin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Wasu kuma suka ce a hana ta ruwa kawai. Kirikiri ta san fari. In ta rasa ruwa sai samanta ya bushe, ƙasanta ya yi kwance watanni, damina na faɗuwa ta farka. Shi ya sa ba a kashe ta tana barci. Sai an tashe ta.

Da farko a aske ta sosai, a kwashe askin. Sannan a ba ta ruwa da tiyo kamar mako guda, har ƙasa ta jiƙu zuwa wajen santimita 30. Na san abin da za ku ce: kuɗin famfo. Ni ma na yi wannan lissafi, amma ruwan mako guda bai kai na ban-ruwan kullum shekara da shekaru ba.

Sai a shimfiɗa leda. Ku lura, fara ce garau wadda ake ganin ƙasa ta cikinta. Mutane suna rugawa ga baƙa don ita ke ƙona hannu in an taɓa. To, baƙar leda kanta take zafafawa, tana tare hasken. Fara kuwa tana barin rana ta ratsa har ƙasa, ta kuma hana zafin fita, kamar motar da aka rufe gilasanta da azahar a tasha. Ruwan da kuka zuba shi ke kai zafin ƙasa. Duk wadda ta taɓa yin dambu ta san tururi ke dafa gari, busasshen madambaci ba ya dafa komai. Gumin nan da kuke gani a cikin leda, shi ne alamar aiki na tafiya.

A ja ledar ta kwanta a jikin ƙasa, a haƙa ɗan rami kewaye a binne bakinta, kada iska ta sami hanya. In kaza ko yaro ya huda, a liƙe da salatif a ranar. A bar ta mako 4 zuwa 6, ni dai ina cewa 6. Lokacinsa kuwa bazara ce, Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40. Ku fara tun ƙarshen Maris don ku gama kafin ruwan Yuni.

Ranar da aka yaye leda, kada a kira mai yashi tukuna. Wannan shi ne abin da bidiyon can bai nuna ba. A sake ba wurin ruwa, a jira mako biyu. Igiyar da ta yi zurfi, ko wadda ta laɓe jikin katanga inda inuwa take, za ta leƙo. Kun ga wannan ɗan koren a gindin bango? A bi shi da diga har ƙarshensa, a tankaɗe ƙasar da rariya, a shanya guntayen a kan kwano su bushe ƙayau. Kada a binne su a wani lungu na gida. In an sake shayarwa ba abin da ya fito, to an gama.

Mai ciwon kada ya yi aikin nan, kada ma ya tsaya kallo. Yarinyarmu gidan kakarta muka kai ta ranar aski. Mai aiki ya sa takunkumi, a rufe tagogi.

Abin da za a sa a gurbinta ba shi da wuya. Yashin gulbi, tsakuwa, ko pabe da aka bar tazara a tsakaninsa don ruwan sama ya nutse. Kada a malale wurin duka da siminti, da dare zai riƙa amayo zafi. Ciyawar roba ba ta fure, amma ku taka ta ba takalmi da rana a watan Afrilu kafin ku saya. Ni ba na son ta a gidan da ke da yara. Lalle a jikin katanga, zogale biyu ko uku: furannin da ƙudan zuma ke ziyarta garinsu na da nauyi da danƙo, bai cika bin iska ba.

Gero da dawa da masara duk dangin ciyawa ne, kuma gonaki sun kewaye garin nan. Idan gero ya yi bununi a Agusta da Satumba, yarinyar tana ɗan atishawa har yanzu, uwarta na ba ta maganin da likita ya rubuta. Amma ga ta nan da yamma, ta shimfiɗa tabarma a kan yashi, ita da ƙawayenta suna 'yar carafke.