Gigin Tsufa da Gadon Asibiti

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Abu huɗu na zo da su, waɗanda ke kai mai gigin tsufa gadon asibiti. Da farko dai, wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba sammu ba. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'inta da ya fi yawa tun 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ita sun haura miliyan 55. Sai dai da wuya mantuwar ita kaɗai ta kwantar da mutum. Wani ciwon ne ke hawa kanta.

Na farko, ruwa. E, ruwan sha, Alhaji kada ka yi dariya. Tsoho dama ƙishirwarsa ta ragu, mai gigi kuwa ko ya ji ta, ya manta abin da ake yi mata. Ku tuna Afrilu a Kano: zafi ya haura digiri 40, ba wuta, an ajiye wa Baba kofi a gefen gado, an ce ai an ba shi. Ajiyewa daban, sha daban. Fitsari ya ragu, ya yi ja, ya yi wari, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama a mafitsara. Baba ba zai ce yana jin zafi ba. Dare ɗaya sai ya birkice, bai gane uwargidansa ba, yana fizge-fizge, ko ya yi ta barci ba ji ba gani. Sai a ce iska ce, ko a ce gigin ne ya ƙaru. Jama'a, gigin tsufa rarrafe yake yi, wata da watanni. In mutum ya canza tsakanin Asuba da Magariba, jikinsa ne ke ciwo. Bari in maimaita saboda iyayena mata na can gefe: jikinsa ne ke ciwo. A yi addu'a, ba wanda ya hana, amma a duba fitsari, a duba suga, a duba zazzaɓin cizon sauro a ranar. In aka yi kwana uku ana jiƙe-jiƙe, ƙarshenta sai an kwashe shi da tsakar dare zuwa asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ana ƙarin ruwa. Shi kuma asibiti baƙon wuri ne gare shi, ruɗewar ƙaruwa take yi.

Dabarata ita ce a ɗaura shan ruwan da salla. Duk alwala, kofi guda, ka tsaya har ya shanye. Ya ƙi ruwa? Ga kunu, ga fura mai ruwa-ruwa, ga kankana. Sai dai wanda likita ya taƙaita wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, shi ya bi maganar likitansa.

Kai, lokaci. Na biyu faɗuwa: santsin banɗaki, dokin ƙofa, duhu. A bar fitila da dare. In ya faɗi ya kasa taka ƙafa, hoton ƙashi za a fara ɗauka a asibiti kafin a nemi mai ɗori, don ƙugu kan karye. Sai ƙwarewa: kada a ɗura masa abinci a kwance, yakan gangara huhu ya zama limoniya. Na uku... na huɗu ne? To. Magani. Mutum ɗaya ya riƙe ledar, don mai mantuwa yakan sha na hawan jini sau biyu, kuma a daina sayo masa na barci a kemis.

Hajiya, na ga hannunki.

(Wata baiwar Allah ta ce mahaifiyarta na da gigi da ciwon suga, amma ta ƙi yarda ta sha azumi.)

Allah Ya ba ta lafiya. Hukunci na malamai ne, ga su nan zaune, kuma sun san an ɗauke wa mara lafiya. Ni ta ɓangarena, wannan haɗin na da haɗari: suga ya faɗi, ruwa ya ƙare a jiki. Kada ki yi musu da ita, ba za ki ci ba. Ki nemo malamin da take jin maganarsa ya faɗa mata da bakinsa, in ta manta gobe ya sake faɗa. Kafin watan ya kama kuma ki kai ta a duba magungunanta. Wane iri take sha, ƙwaya ko allura? To, ki tsaya mu yi magana bayan an tashi.