Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Noma a Ɗakin Adana Ƙwari na Garinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Kwamishinan Noma, ranka ya daɗe. Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugaban ƙaramar hukuma da 'yan majalisarsa, Dagaci da masu unguwanni, Malam Liman, Sarkin Noma, malaman gona, iyayenmu mata, ɗalibai da sauran jama'a, barkanku da hantsi.

A madadin ƙungiyar manoman wannan gari da malaman makarantar da suka ba mu aron ɗaki, ina yi maka lale marhabin. Mun san nisan da ke tsakanin Dutse da nan ƙasar Haɗeja, mun kuma san yadda ruwan bana ya bar hanya daga inda kwalta ta ƙare. Zumunta a ƙafa take, yau ka nuna mana haka.

Ranka ya daɗe, tun da labarin zuwanka ya iso ake ta raha a kasuwa, wai babban mutum zai taso takanas don kallon matattun fara da buzuzu. Masu faɗar haka ba su yi ƙarya ba, abin da ke cikin ɗakin ke nan: fara da babe, gara da shinge, hangara, rina, zanzaro, ƙoƙi-ƙoƙi, malam buɗe littafi, kowanne a tsire da allura cikin akwati mai murfin gilashi. Sai dai duk wanda ya noma masara a shekarar 2016 ya san dalilin ajiye su. A farkon wannan shekarar ne aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa a Najeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take, tana shiga tsakiyar masara tana ragargaza ganye. Manoma da yawa suka ɗauka tsutsar kara ce da suka saba da ita, aka yi ta zuba kuɗi a magani ba tare da sanin abokin faɗa ba. Masanan IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, su ne suka tantance ta, kuma sai da suka gwada ta da bayanan ire-irenta da aka adana tun da daɗewa. Yau ɗan aji biyu a makarantar nan zai ɗauko maka kwalba ya nuna maka shaidarta: alama kamar harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya.

A shekarar ce kuma 'yan'uwanmu masu tumatir a Kadawa da Kura suka ga ta kansu da ƙwaron da suke kira sharon, shi ma baƙo daga Kudancin Amurka, har tumatir ya gagari talaka a kasuwa. Dattawan da ke zaune a nan kuwa ba su manta 1975 ba, lokacin da cutar da ƙwarin darɓa ke yaɗawa ta cinye gyaɗar Arewa.

Amma ba duk ƙwaro ne maƙiyi ba, kuma wannan shi ne darasin da ya fi wuyar shiga kunnen manomi. Akwai wani ɗan ƙwaro mai jan baya da ɗige-ɗige, abincinsa darɓa. Mai feshi ya gan shi a kan wake sai ya ƙara matsa famfo. Akwai wata 'yar mitsitsiyar rina da ke zuba ƙwai a jikin tsutsar da ke cin zangarniyar gero, har maƙwabtanmu na Nijar suna kiwonta suna sakinta a gonaki. Ƙudan zuma kuwa, in babu shi, mai kankana da mai kabewa sai su yi ta ganin fure ba 'ya'ya. Mun ware akwati guda na waɗannan masu taimako, kuma shi muke fara buɗe wa duk wanda ya zo neman shawarar maganin feshi.

Kama ƙwaro ba shi ne aikin ba, kowane yaro ya iya. Aikin yana farawa ne bayan an kama. Allurar tela ba ta yi, domin damina ɗaya za ta yi tsatsa ta ɓata ƙwaron, sai allura ta musamman, doguwa siririya, wadda ba ta tsatsa. Wurin sokewa ma da ƙa'ida: malam buɗe littafi a tsakiyar ƙirji, buzuzu da danginsa masu taurin baya a kan fiffiken dama, don ɗaya gefen ya zauna lafiya ga mai nazari. Masu faffaɗan fiffike ana baje su a kan allo, a danne da siraran takardu har su bushe. Tsutsa da sauran masu laushin jiki ba a tsire su. Ana tsoma su a ruwan zafi tukuna don kada su yi baƙi, sannan a sa su a kwalba cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, irin dai na asibiti. Malam Liman ya shiga ya duba da idonsa, ya ce ba laifi.

A ƙarƙashin kowane ƙwaro, a jikin allurar, akwai 'yar takarda da ba ta kai farcen babban yatsa ba. A kanta ake rubuta garin da aka kama shi, rana da wata da shekara, shukar da aka same shi a kai, da wanda ya kama. Ƙwaron da ba shi da wannan daidai yake da takardar gona da ba sa hannun shaidu: ga ta a hannu, amma ba ta tsayar da magana. Ta waɗannan takardu ne za mu iya ce maka a wane wata hangara ke sauka kan gero a yankin nan, ko a wace gona aka fara ganin wani baƙo. Na cikin kwalba da fensir muke rubutawa, domin sifirit yana wanke biro.

Kowane lokaci na shekara da irin barazanarsa. Damina na kawo laima, funfuna ta rufe ƙwaro da farin gashi. Hunturu na kawo ƙura da bushewa, ƙafa da gashin kai su yi ta karyewa daga ɗan girgiza. Hasken rana yana koɗar da launi, shi ya sa za ka ga labule a tagoginmu da tsakar rana. Gara na bin bango, kiyashi na bin ƙafar tebur, sai mun tsoma ƙafafun a gwangwanaye.

Babban maƙiyinmu dai shi ne wanda masu bandar kifi na Haɗeja da dillalan fata suka fi mu sani, wato ƙwaron nan da tsutsarsa mai gashi ke cin busasshen kifi da ƙirgi. Shi da danginsa ba su bambanta banda da busasshiyar fara ba. Daga ciki suke ci, sai ka ga ƙwaro tsaye cif a kan allurarsa alhali ɓawo ne kawai ya rage. Alamar da muke nema ita ce ɗan gari-gari a ƙasan akwati, daidai gindin allura. Da an gan shi sai a janye akwatin daga cikin 'yan'uwansa. Kafur da muke sawa a kusurwa korar baƙo yake yi, ba ya gamawa da wanda ya riga ya shiga, kuma shaƙarsa a rufaffen ɗaki ba alheri ba ne ga mai aiki. Fiya-fiya kuwa ba ma yarda a shigo da ita ko bakin ƙofa. Hanyar da manyan gidajen adana kaya ke bi ita ce sanyi: a ɗaure akwatin cikin leda, a sa a firiza mai sanyin maki 20 ƙasa da sifiri har mako guda ko fiye, a fito da shi, a bar shi ya huce a cikin ledarsa kafin a kwance, don kada raɓa ta kwanta a kan ƙwarin. Gidan adana halittu na Landan yana riƙe da ƙwari sama da miliyan 30, wasu sun haura shekara 200, kuma abin da ya tsare su bai wuce irin wannan kulawa ta yau da gobe ba.

A nan ne za mu miƙa kokon bararmu, ranka ya daɗe. Ba sabon gini muke roƙo ba, ɗakin da muke ciki ya wadatar. Muna buƙatar firiza mai aiki da hasken rana, domin a yanzu sai mun kai akwati wurin mai sayar da ƙanƙara a birni, shi ma in wuta ta ɗauke aikin ya koma baya. Muna buƙatar kabad na ƙarfe mai aljihuna masu rufuwa ruf, da madubin ƙara girma don ƙananan ƙwari irin sharon, waɗanda ido kaɗai ba ya raba su da masu kama da su. Muna kuma roƙon a tura mana matasa biyu, namiji da mace, su samo horo a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, inda ake da tsohuwar taskar ƙwari da ƙwararrun masu tantancewa. Mace ta zama dole a ciki, saboda iyayenmu mata su ne ke fara ganin ƙwaron wake a rumbu da tukunya, su ne ke aiko mana da shi a kwalbar turare, kuma 'yar'uwarsu ce za ta shiga gida ta nuna musu yadda ake ɗaure buhun adana amfanin gona mai riɓi uku da ake kira PICS.

In kuma abu ɗaya kaɗai za a iya yi mana bana, to a ba mu ma'aikaci na dindindin mai albashi. Firiza da kabad ba sa duba akwati. Wanda ke yin aikin yanzu sa kai yake yi, yana da gona da iyali, kuma lokacin da ƙwari suka fi buƙatar ido shi ne lokacin da noma ya fi tsananta.

Yanzu sai mu roƙe ka, tare da Mai Girma Hakimi, ku taka mu shiga. Ɗakin ƙarami ne, mutum goma-goma za a riƙa shiga, kuma muna roƙon masu ɗaukar hoto kada su jingina da tebur. Ɗalibai ne za su yi maka bayani, kowa da akwatinsa, a fara da na masara. Bayan nan iyayenmu mata sun dama fura.

Allah ya saka da alheri, ya ba mu albarkar damina, ya mai da kai da tawagarka gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.