Allon Shago, Takardar Ƙuri'a da Kwalin Magani: Yadda Zane Ke Taimako da Yadda Yake Cutarwa

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum.

Ku dubi allon shagon nan da ke gabanku. Na tela ne. An rubuta sunan shagon da ja a kan shuɗi, an kewaye shi da taurari. Ga keken ɗinki, ga almakashi, ga hoton mai shagon cikin babbar riga, ga lambobin waya har huɗu, ga jerin duk abin da ake ɗinkawa tun daga kaftani har labule. To, a ce kuna cikin adaidaita sahu, direba na zuba gudu. Me idonku zai kama kafin ku wuce? Da ƙyar ma ku gane tela ne.

Tsara zane sana'ata ce, abin da 'yan maɗaba'a ke kira dizain, kuma babu abin da ke damuna a cikinta kamar yadda muka ɗauki cika wuri a matsayin gwaninta. Mai aiki ya biya kuɗin buga allon talla, saboda haka duk farin wurin da aka bari gani yake asara ce. Sai ya tsaya a kan yaron da ke gaban CorelDraw, manhajar tsara zane a kwamfuta: "Ƙara girman nan, sa min fure a can, wannan gefen ya yi fayau." Yaro na tsoron ciniki ya kuɓuce, sai ya bi. Ban ga laifin mai shagon ba sosai. Mu masu sana'ar ya kamata mu zaunar da shi mu nuna masa cewa ido ba ya ɗaukar komai lokaci guda. Abu ɗaya yake fara sauka a kai, wanda ya fi girma ko ya fi fitowa fili, sannan ya gangara zuwa na gaba. Idan komai babba ne, ya zama zauren da kowa ke magana a lokaci ɗaya, ba wanda za a ji.

Haka katin ɗaurin aure yake fama. Wanda aka gayyata rana yake nema, da lokaci, da wuri. Amma su ne za ka tarar an murɗe da rubutun ruwan gwal siriri a can ƙasa, bayan sunayen abokan ango goma sha biyar.

Yanzu ga tutar Najeriya. Michael Taiwo Akinkunmi ne ya zana ta yana ɗalibi a Landan, ya ci gasar da aka yi gab da samun 'yancin kai, aka ba shi fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ta, aka bar kore, fari, kore, kuma ita aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba, 1960. A ganina cire ranar nan shi ne mafi kyawun hukuncin da aka yi wa zanen. Yaron firamare zai zana ta da fensir ɗaya, tela zai ɗinka ta da ƙyalle uku, kuma daga nesa ba ka rikita ta.

Kada wani ya ɗauka ina yaƙi da ado ne. Ku kalli rubutun da masu fenti ke yi a bayan manyan motoci, ko zanen dagi a bangon gidajen cikin birnin Zariya da Kano. Launi ya cika su, amma an san inda aka ajiye kowane abu. Mai fentin mota ya san daga baya za a karanta rubutunsa, mota na tafiya, shi ya sa yake yin harufa masu kauri, kalmomi kaɗan.

Wani zai ce ai duk maganar kyau ce, ba ta kashe kowa ba. To mu je Amurka, zaɓen shugaban ƙasa na shekarar 2000, ƙaramar hukumar Palm Beach a jihar Florida. Jami'ar zaɓen wurin ta so ta taimaki tsofaffi, waɗanda suke da yawa a yankin, sai ta ƙara girman rubutun takardar ƙuri'a. Sunayen 'yan takara suka ƙi shiga shafi ɗaya, aka raba su dama da hagu, aka jera ramukan da ake hudawa a tsakiya. Ku lura da abin da ya faru a hoton nan. Sunan George Bush ne na farko a hagu, raminsa na farko. Sunan Al Gore ne na biyu a hagu, amma raminsa na uku ne, domin rami na biyu na Pat Buchanan ne da ke shafin dama. Buchanan ya tashi da ƙuri'u sama da 3,000 a wurin da ba shi da wani ƙarfi, kuma shi da kansa ya ce yana jin da yawansu ba shi aka nufa ba. Tazarar da Bush ya ci jihar da ita ƙuri'a 537 ce, da ita ya zama shugaban ƙasa. Niyyar matar mai kyau ce, hakan ne ma ya sa labarin ke taɓa ni. Da an miƙa wa tsofaffi ashirin takardar su gwada kafin a buga, da an gano matsalar cikin yini ɗaya.

Mu ma a zaɓen 2019 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne, takardar ta yi tsawo, tambarin jam'iyyu ƙanana sun cunkushe, ga shi mai zaɓe da yatsa zai dangwala cikin ɗan akwati.

Sai kwalin magani, wanda shi ya fi kusa da kowane gida. Sunan maganin ɓaro-ɓaro da launi mai ɗaukar ido, amma ranar da zai daina aiki an danna ta a gefen kwali ba tawada, sai ka karkata shi wajen haske. Ƙa'idar sha tana cikin wata takarda da aka ninke, da rubutu sai ka ce ƙwayar gero aka raba. Ku tuna wa ke riƙe da kwalin nan: uwa ce da tsakar dare, yaro na zazzaɓi, ba wuta, fitilar waya ce a hannunta, wataƙila kuma karatun bokonta bai yi nisa ba. Masu kemis da ke jan layi biyu ko uku da biro a jikin kwali don nuna safe, rana da dare, su ne ke cike giɓin da mai zanen kamfani ya bari.

Na ƙarshe namu ne, mu masu rubuta Hausa. Yawancin salon harufan da ke cikin kwamfuta ba su da ƙ, ɗ, ɓ. Shi ya sa za ka ga fosta an rubuta ta da kyau, sai harafi ɗaya a tsakiyar kalma ya fito siriri daban, ko ya koma ɗan akwati, ko kuma mai aikin ya gaji ya zubar da lanƙwasar gaba ɗaya. Maganin yana nan kuma kyauta ne. Harufan Noto na Google suna da su, haka Andika da Charis na SIL, ƙungiyar da ke aiki kan harsuna. Kafin ka fara kowane aiki na Hausa, buga "Ƙofar Ɗanagundi" da "ɓarawo" da salon da ka zaɓa. Idan harufan sun zauna daidai da sauran, ci gaba. Idan ɗaya ya bambanta, sauya salon tun kafin mai aiki ya biya kuɗin bugu.