Ina Binta ta shige? Tafiyar sunan Fatsima a Sudan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya tashi a Mai Wurno ko Gadarif ko Kasala, ya ɗan ƙirga Fatsimomin gidansu. Kaka Fatsuma, inna Binta, gwaggo Batulu, yaya Zara. Duk fa mutum ɗaya ake yi wa takwara, 'yar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. To yau je ka tsaya a ƙofar makarantar firamare lokacin tashi, ka saurari sunayen da yara ke ƙwala wa juna. Binta ta yi wuyar ji.

Da sunan nan kakanninmu suka taso daga yamma. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, har suka yada zango a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu kuma hanyar Hajji ce ta ajiye su. Suka tarar mutanen ƙasa su ma suna ji da sunan, sai dai a bakinsu Fatna ce.

Binta ce ta fara shan wahala. Asalinta kalmar Larabci ce, bint, wato 'ya. A Kano ba mai tuna wannan. Amma a ajin da ake karatu da Larabci, malam ya tambayi yarinya sunanta ta ce Binta, abin da kunnensa ya ji shi ne "yarinya". Sai ya sake tambaya. A rajista dai Fatima za a rubuta.

Ita kuwa Fatima lokacin tana tashe. A 1965 Fatima Ahmad Ibrahim ta zama mace ta farko da aka zaɓa majalisar dokokin Sudan, ka ga ba sunan tsofaffi kaɗai ba ne.

Sai 'yan ci-rani suka fara dawowa daga Jidda da Riyad da gajerun sunaye masu daɗin kira, su Rimas, Lamar, Tala. Dish kuma ya hau kan rufin gidaje. A 2008 tashar MBC ta haska wasannin Turkiyya da aka juya zuwa Larabcin Siriya, mata suka kwana a gaban talabijin, Nur da Lamis, sunayen jaruman wasannin, suka shiga gidajen suna.

Amma a nan nake saɓawa da masu cewa Fatsima ta mutu. Ranar bakwai, ranar da maƙwabta ke kira simaya, in an yanka rago liman ya raɗa suna, sau da yawa sunan kakar jaririya ne ake mayarwa. Uwa kuwa ba ta iya buɗe baki ta kira sunan surukarta, kunya ba za ta bari ba. Da can sai a sakaya, a ce Ummi ko Mama ko Hajiya. Wannan gurbin ne Rimas ta samu ta shige. Akwai iyayen da ke rubuta sabon sunan kai tsaye a takardar haihuwa, gaskiya ne, amma a gidaje da dama Ummi aka ture, Fatsima na nan a takarda.

Shi ya sa za ka ga ranar ɗaurin aure waliyyi ya ce ya ba da Fatsima, abokan ango suna kallon juna, su Lamar suka sani.