Idan leɓe ya mutu bayan cire haƙori ko karayar muƙamuƙi

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan lafiya na Garwa da kewaye. Mutum zai zo muku wata guda bayan an cire masa turmin ƙarshe, ko bayan ya faɗi daga babur, ya ce leɓensa da haɓarsa kamar ba nasa ba. Kada ku ce masa ya je ya yi haƙuri kawai. Akwai aikin yi.

Cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ta biyar ce ke ɗauke da jin fuska. Rassanta uku: goshi, kunci, da muƙamuƙin ƙasa. Wani reshen na ukun yana ratsa cikin ƙashi, dab da saiwar turame, shi ya sa yake yawan jin rauni. Wani kuma yana kai ji zuwa gaban harshe. Amma idan baki ya karkace, ko ido ya ƙi rufuwa, wannan wata matsala ce daban, a hanzarta zuwa wurin likita.

Ranar farko, ku ɗauki biro ku zagaye wurin da ya mutu, ku ɗauki hoto da waya. Duk wata a sake. Jijiya na tsirowa kimanin milimita 1 a rana, don haka ido ba zai ga canji a mako ba, hoto ne zai nuna.

Sai atisaye, kuma nan nake so ku tsaya da kyau. Ya zauna gaban madubi, ya shafa auduga a ɓangaren mai lafiya, sannan a mai ciwo, yana kallo. Ya rufe ido, ya maimaita, yana ƙoƙarin gane inda ake taɓawa. Minti biyar, sau uku a rana. Idan ya fara ji, wani ya shafa masa, shi ya faɗi: sama aka yi ko ƙasa? Daga auduga a koma tsumma mai laushi, sai tawul, sai burushin haƙori. Me ya sa? Saƙon da jijiya mai warkewa ke aikawa a hargitse yake, dole ƙwaƙwalwa ta sake koyon karanta shi. Masu gaggawa suna goga da ƙarfi har fata ta saluɓe ba su ji ba.

Shayi da kunu, a gwada zafinsu da ɓangaren mai lafiya. A tauna a hankali, a duba leɓe bayan cin abinci. Ban da tsaga, ban da ƙaho, ban da gashi da ruwan zafi.

Idan wurin na ƙuna kamar an zuba barkono, farasitamol ba ya yi. Likita kan fara da amitriptyline kaɗan da dare, ko gabapentin. Don Allah ku hana su tiramol ɗin bakin kasuwa.

Wata uku ba wani canji, ko zafi na ƙaruwa, ku tura shi wurin likitan tiyatar baki da muƙamuƙi, domin ɗinkin jijiya ya fi kamawa idan an yi shi da wuri.