Darasi: Wuyan Gitar Bas Idan An Sauke Saiti

Assalamu alaikum ƴan uwa makaɗa, barkanmu da war haka daga Yamai. Yau maganar wuyan bas za mu yi, saboda tambayar da samari ke ta yi mini: mawaƙiya ta ce muryarta ba ta kai ba, a sauko da saiti, ka sassauta tsirkiya huɗun nan, sai ka ji gitar na zuzzz kamar ƙudan zuma. Me ya faru?

To ku duba nan. Tsirkiyoyin huɗu, wato Mi, La, Re, Sol, a saitin da aka saba, suna jan wuyan nan da nauyin kilo 70 zuwa 80, kamar ƙato guda ya rataya a jikin itace dare da rana. Abin da ke tare shi wata sandar ƙarfe ce a cikin wuyan, tana jan sa baya. Idan ka sauke duka da murya guda, Mi ta koma Re, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jan nan ya tafi, ita kuwa sandar tana nan da ƙarfinta. Sai wuya ya miƙe ko ya ɗan koma baya, tsirkiya ta kwanta kan ƙarafan nan da ke jere a gicciye a kan wuyan.

Idan Mi kaɗai ka sauke don waƙa ɗaya, kar ka taɓa komai. Ka gama, ka mayar.

Amma idan a nan za ka zauna, auna tukuna. Danna Mi a ƙarfe na farko da yatsan hagu, danna ta a na ƙarshe da na dama, ka leƙa wajen ƙarfe na 7 ko na 8. Ya kamata a ga ƴar tazara tsakanin tsirkiyar da ƙarfen, kamar milimita 0,3, wato kaurin fallen kaye uku. Kun gani? Tawa ta manne, ko fallen guda bai shiga. Sandar ta yi tauri kenan, sai a kwance ta.

Ga kile, wato makullin da ake murɗa goron da ke bakin sandar da shi. Wanda ya yi daidai da kan goron, don Allah, ya zauna ƙam ba ya rawa. Ni na taɓa aron wanda ya ɗan yi ƙanƙanta wajen mai gyaran babur, na murɗa da ƙarfi, goron ya cinye, wata biyu gitar na jingine a ɗaki. Juya hagu, kwata kawai. Dama ɗaurewa ce, hagu kwancewa. Ka sake saita tsirkiya, ka bar ta ta kwana, gobe ka sake aunawa, don itace ba ya amsawa nan take. Idan ka ji kile ya ƙi motsi, tsaya nan, kai wa wanda ya iya.

Sannan garinmu ma yana murɗa wuya ko ba ka taɓa saiti ba. Da hunturu itace na bushewa har bakin ƙarafan su fara kartar hannu, da damina ya sha raɓa ya kumbura. Zafin Afrilu kuwa, kar a bar gitar cikin mota ko a rana bayan babur.

Wanda zai daɗe a Re, ya sayi tsirkiyar Mi mai kauri, lamba 110 a madadin 100 ko 105. Bari in buga ku ji bambancin.